Akuya a Littafin Ramatu

Abubuwa da yawa na zamana a Tibiri sun fara shige mini, har sunayen wasu yaran da na koyar sai na yi ta lalube. Amma ranar da na kwatanta matar da nake so da akuya, a gaban mahaifinta, a gaban mahaifiyarta, da bakina, ina gyara zaman tabarau, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so. Kuma na so ɗin, Allah ya sani.

Lokacin ina saurayi, sabon malamin lekol, wato makarantar boko, ɗan kwantiragi, an ɗauko ni daga Ɗan Kassari an jefa ni Tibiri tun kafin ta zama departama, wato gunduma mai cin gashin kanta. Ɗaki ɗaya gare ni, da katifa, da wata rediyo mai cin batir kamar me. Wayar hannu ta fara shigowa, amma ta kira ce kawai, ba irin ta yanzu da ke cinye wa mutum yini ba. In an tashi lekol babu abin yi sai kallon awakin maƙwabta. Abin da ya hana kewa kashe ni shi ne akwatin Mushe Gado.

Mushe Gado tsohon direktan lekol ne da ya yi ritaya (duk malamin lekol Mushe muke ce masa, ni ma Mushe ne, sai dai ƙarami). Yana da wani ƙaton akwatin ƙarfe shaƙe da littattafan da ya tara a garuruwan da aka yi ta kai shi aiki, yawancinsu na Faransanci, kaɗan na Hausa. Duk wanda bangonsa ya mutu, da kansa yake ɗinke shi da basilla, ya yi masa riga da takardar buhun siminti. Kowa na iya ara, amma da doka ɗaya, kuma kullum sai ya maimaita ta: "Littahi ba a maido shi bebe." Wato ranar da ka dawo da shi sai ka zauna ka faɗi abin da ka gani a ciki. Ranar Lahadi bayan la'asar ake wannan zama, a gindin dogon yaron tsakar gidansa, ana dafa shayi. A kofin farko, mai ɗaci, ka ba da labarin littafin. A na biyu ka faɗi ra'ayinka. A na uku a yi maka ca.

Ni kuwa sai aka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ban taɓa maido littafi bebe ba, in ma akwai laifi sai dai a ce surutuna ya fi shafukan yawa. Na ari wani na tarihi da wani Bature ya rubuta kan yaƙe-yaƙen ƙasarmu, na dawo na ce mutumin ya yi ƙoƙari, amma duk sunan garin da ya taɓa sai ya karya masa ƙafa, kuma wanda ya kasa rubuta Dogon Kiriya daidai ban ga dalilin yarda da shi kan wanda ya fara harbi ba. Na ari na binciken kisan kai, na ce tun tsakiya na gano mai laifin (ƙarya nake, ƙarshe na leƙa). Na ari wani na likitanci, na yi kwanaki ina jin kowace cuta da ke ciki a jikina, har da wadda mata kaɗai ke yi. Akwai na wani matafiyi da ya ratsa hamada a kan raƙumi yana ƙorafin shayin mutane ya cika zaƙi, shi kam har yau ban yafe masa ba. Wanda ya kama ni tsakani da Allah shi ne wani ɗan siriri kan taurari, don bayan na karanta shi na daina tafiya kaina a ƙasa. Amma da na zo bayani sai na ce "ba laihi", domin a ganina na wancan lokacin mai ilimi ba ya yabo da yawa.

Abokin gardamata Sani ne, wani saurayi ɗan kasuwa mai gemu da ke ɗauko kaya daga ƙetaren iyaka. Shi tarihi yake ara, da na sana'a, da na addini. Littafin labari kuwa ko taɓa shi ba ya yi. Sunan da ya sa masa shi ne "ƙarya mai bango", kuma yakan ce mutumin da ke kuka don wanda ba a taɓa haifa ba ya kamata a yi masa addu'a. Mun sha rabuwa baram-baram, mu dawo Lahadi mai zuwa mu ɗora daga inda muka tsaya. Wallahi ina kewar wannan zaman.

To, gaskiyar magana, ba littattafai kaɗai ke kai ni gidan ba. Mushe yana da ɗiya, Ramatu, ungozoma ce a asibitin Dogon Dutsi, takan zo gida wani ƙarshen mako. In muna zamanmu, ita da Inna, mahaifiyarta, suna can ƙarƙashin runfa suna tsinkar zogale. Sai ta yi kamar ba ta ji, amma da wani ya yi kwaɓa sai ka ji ta yi ɗan tari. Ina sonta, so irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Duk unguwa ta sani, ita ma ta sani, ni kaɗai ne ban faɗa ba. Mutumin da ke iya kwashe kofi uku yana sharhi kan raƙumi, in ta ce masa "ina wuni" sai ya ce "lahiya lau" ya tsaya nan. Saboda ita na sayi tabarau a kasuwar Dutsi, fari tas, babu magani a ciki, don kawai in yi kama da wanda karatu ya ci wa ido. Ga shi kuma an fara raɗe-raɗin wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya aiko a yi masa tambaya a kanta.

Wata Lahadi bayan damina, da zan tafi, Mushe ya lalubo wani littafi mai sabuwar rigar siminti ya miƙo mini.

"Wanga, Ramatu tac ce in ba ka shi," in ji shi. "Tun tana lise, babbar sakandare, taka son shi. Tac ce ka karanta har ƙarshe."

Har ƙarshe! Na rungume littafin nan zuwa ɗaki, ko gaisuwar mutane a hanya ban amsa da kyau ba.

Labarin wani saurayi ne, akawun tashar mota, da ke son wata yarinya maƙwabciyarsa amma bakinsa ya yi nauyi. Yana ta jan ƙafa har ta tafi wani birni na bakin teku wurin yayarta. Sai da ta tafi hankalinsa ya dawo, ya sayar da kekensa, ya hau babbar mota, ya sha wahalar hanya, aka sace masa takalmi, ya yi ta tambaya har ya gano gidan. Ina karantawa ina jin tausayinsa, ina kuma zaginsa, ban ko lura da wa yake kama ba. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ƙwanƙwasa. Aka buɗe. Na juya shafi.

Shafi na gaba ya ce: kafin ka sayi akuya, buɗe bakinta ka duba haƙoranta.

Na koma baya, na dawo gaba. Takarda iri ɗaya, baƙaƙe iri ɗaya. Gara ta cinye kusurwoyin da lambar shafi take, don haka babu abin da zai gaya mini an yi tsalle. Na ci gaba. Yadda ake zaɓen akuya, abin da ake ba ta, yadda ake kafa turke, maganin kaska. Har da zane. (Eh, har da zanen hantsar akuya. Kada ku tambaye ni.)

Mai hankali a nan zai ce akwai matsala, ya koma ya tambaya. Ni ma zuciyata ta faɗa mini haka. Sai dai akwai wani ɗalibin jami'a da ya taɓa zuwa bakansi, wato hutu, daga Yamai ya zauna da mu, ya ce manyan marubutan zamani ba sa ba da labari kai tsaye, ɓoye ma'ana suke yi, ɗan ƙauye ne kawai ke jiran a ce masa "sai suka yi aure". Kalmar nan ta ɗan ƙauye ta daɗe tana cina, ni da na fito daga Ɗan Kassari a bayan amalanke. Kuma Ramatu ce ta aiko, ta ce har ƙarshe. Na ce a raina, yarinyar nan gwada ni take yi, tana so ta ga ko ina da zurfi. Na zauna na karanta kiwon awaki daga farko har ƙarshe, ina tono ma'ana a ƙarƙashin kowane buhun dusa. Abin haushin ma, rabin nan na awaki ya yi mini daɗi. Wanda ya rubuta shi ya san aikinsa, ba ya ɓata magana.

Lahadin da zan maido littafin, Ramatu ta zo. Na sa rigata mai guga, na goge tabarau. Aka ba ni kofin farko, na ba da labarin akawun nan tiryan-tiryan har bakin ƙofa. Na ga ta daina tsinkar zogale, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Wannan murmushin ne ya ƙarasa ni.

Aka zuba na biyu. Mushe ya ce, "To, ƙaramin Mushe, mi kag gani ciki?"

Na gyara zama. Na ce, "Mushe, wanga littahi ba na kowa ba na. Mai shi ya kai mu bakin ƙohwa, sannan yaƙ ƙi gwada muna matar. Don mi? Don shina so mu gane da kanmu. Duk sambol na, in ji masu Faransanci. Akuyar ga da shika magana, ba akuya ba ta. Mace ta."

"Wace akuya?" in ji Mushe.

Na zaci shi ma gwada ni yake, sai na ƙara wuta. Na ce da ya ce a duba haƙora kafin a saya, nufinsa namiji ya yi bincike kafin ya nemi aure. Da ya ce a ba ta harawa da dusa safe da maraice, haƙƙin ciyarwa ke nan. Da ya ce in ta cika kuka a duba, ko yunwa ce ko kaska, ai wannan hikima ce da kowane magidanci ke bukata. Na saci kallon runfa, na ga murmushin ya tafi, na ɗauka zurfin maganar ne ya kama ta.

"Kuma yac ce in damana ta hwaɗi, a ɗaure ta ga turke, kada ta shiga gonar mutane," na ce, ina ɗaga yatsa. "In kuwa ta tsuhwa, ta bar haihuwa, sai a kai ta kasu..."

A nan ne faifan zogale ya faɗi daga hannun Inna. Na yi ƙoƙarin haɗiye sauran kalmar, amma ta riga ta fita.

Ramatu ta miƙe. Ban taɓa ganin ta taka zuwa gindin dogon yaro muna zaune ba sai ran nan. Idanunta sun yi ja.

"Ƙaramin Mushe, littahin da nib ba ka, shi na kaka ma wanga sharhi? Na aiko maka da abin da nika so, amsarka ke nan? Ashe ni ta akuyar?"

Ta fizge littafin daga hannuna, ta buɗe tsakiya, ta juya, ta sake juyawa. Na ga fuskarta tana sauyawa a hankali. Ta kai kan zanen hantsar nan. Sai ta dafe ciki ta durƙusa, dariya ta ƙwace mata har ta kasa magana. Da ta samu numfashi sai ta shiga karantawa da ƙarfi tana juya shi da Hausa don Inna ta ji: "Aka buɗe ƙohwa. Kahin ka sayi akuya..." Mai dafa shayi ya zubar da rabin buta. Inna tana dariya tana cewa, "Kasuwa za a kai ni, Malam, kana ji?" Ni kuwa ina zaune ina roƙon Allah ƙasar Tibiri ta tsage.

"Littahi biyu na anka haɗe," in ji Ramatu tana share ido. "Rabin nawa, da rabin na kiwon awaki. Baba, wa yaɗ ɗumke wanga?"

"Ni naɗ ɗumke shi," in ji Mushe, shi ma yana dariya. "Gara tash shiga akwati da damana, taw watsa su."

"To ba ka ga ba iri ɗaya ba na?"

"Na shahwa, na ji tsawonsu ɗaya."

Dariyar ta mutu a bakin Ramatu. Ta tsaya tana kallon mahaifinta. Sai a lokacin kowa ya tuna yadda yake lalubar kofi kafin ya ɗauka, da yadda ya daina buɗe littafi in ana gardama.

"Na daɗe ban ga baƙin rubutu ba, ɗiyata," ya ce a hankali. "Da, don ku koyi magana nika cewa kada a maido littahi bebe. Yanzu don in ji na."

Tausayinsa ya kama ni har na manta da kunyata na ɗan lokaci. Amma Mushe ba mutumin da zai bari a ji tausayinsa ba ne, kuma yana da abin huce haushi a kusa. Ya juyo wajen da nake.

"Ni dai makaho na, da basilla. Kai hwa, mai ido huɗu?"

Kamar wannan bai isa ba, Ramatu ta miƙo hannu ta zare tabarau daga fuskata, ta ɗaga shi sama, ta leƙa. "Baba, ko magani babu ciki. Gilashin taga na."

Ana cikin wannan sai Sani ya yi gyaran murya. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani littafi mai rigar siminti, ya ajiye a tabarma ba tare da ya kalli kowa ba. Ya ce shi na kiwon awaki ya ara, don yana so ya ɗaure 'yan biyu a gida, amma daga tsakiya abin ya zama wani abu dabam.

"Don mi ba ka maido shi ba?" in ji Mushe.

Sani ya shafa gemu. "Ina so in ga yadda taƙ ƙare."

"Ka gani?"

"Sau biyu," in ji mai ƙarya-mai-bango, da wata 'yar murya. Allah ya saka wa Sani da alheri, ya ɗauke mini rabin dariyar ranar.

Mushe ya ce a ba ni littafin Sani, in karanta musu daga inda aka buɗe ƙofa. Na karanta, babu tabarau, gumi na bin bayana. Yarinyar ce da kanta ta buɗe. Ta dubi akawun nan, ƙafa babu takalmi, ya tsaya yana ta gaishe ta, yana tambayar ruwan sama da lafiyar yayarta. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa in gaisuwa ce ta kawo shi daga wannan nisa to ta amsa, in kuma akwai wata magana ya faɗe ta yanzu, don ta bar tukunya a wuta kuma ba za ta sake buɗe ƙofar ba. Sai lokacin na gane akawun nan da wa yake kama, na kuma gane abin da aka aiko mini da shi, wanda na je na nema a cikin dusa da harawa. Ramatu ta riga ta koma runfa ta ba mu baya. Kofi na uku ya huce a gabana.

"To," in ji Mushe da na rufe littafin. "Mi kag gani ciki?"

Karo na farko a tarihin zaman nan, ban yi dogon sharhi ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Mushe, gobe in Allah ya so ina aikawa Ɗan Kassari, kawuna shi zo shi gaishe ka."

Ya lalubo kofinsa, ya kurɓa. "Wanga ra'ayi ya hi na akuya," in ji shi.

Kada ku zaci abin ya tsaya a gidan. Kafin Litinin labari ya gama Tibiri. Na daɗe in na juya zan yi rubutu a allo sai in ji "meee" daga bayan aji, in na waigo kowa ya yi fuskar salihai. Da aka ɗaura aure, cikin abin da Mushe ya ba ɗiyarsa har da jar akuya, ya kuma aiko a gaya mini ya duba haƙoranta da hannunsa. Inna kuwa har ta rasu, in na je gaishe ta sai ta ce, "Yau ranar kasuwa ta, ko da igiya kaz zo?"

Daga ranar na zama idon Mushe. Kowace Lahadi nakan karanta masa abin da ya zaɓa, yau tarihi, gobe labari, wani lokacin ɗan siririn nan na taurari, wanda a ƙarshe na gaya masa gaskiya cewa ina sonsa ƙwarai. Muka yi haka har Allah ya karɓi abinsa. Dogon yaron yana nan, amma babu mai zama gindinsa da littafi, samari kowa ya duƙa kan wayarsa. Akwatin yana ɗakina a Dutsi. Littattafan nan biyu suna ciki yadda suke, ɗaya ya fara da soyayya ya ƙare da akuya, ɗaya ya fara da akuya ya ƙare da soyayya. Yarana sun sha cewa in warware su in haɗa daidai. Na ƙi. Ɗinkin nan karkatacce hannun Mushe ne, kuma in na shafa shi sai in ji kamar zai tambaye ni abin da na gani a ciki.

Abin da na koya bai da yawa: in ban gane abu ba, yanzu nakan ce ban gane ba, tun a kofin farko. Ban ce kullum ina cin nasara ba. Wani lokacin in baƙi sun zo, aka taɓo zancen littafi ko siyasa, sai in ji tsohon ciwon ya motsa, in gyara zama, in ɗaga yatsa. Ramatu kuwa ta san maganina. Sai ta bari mu haɗa ido daga bakin ƙofa, ta yage baki ta nuna mini haƙoranta duka. Nan take nake sauke yatsan in ce a zuba wa baƙi shayi.